Lissafin da ke Cikin Rigar Sanyi

A ba mata biyu zaren ulu iri ɗaya, tsinken saƙa iri ɗaya, da takarda ɗaya mai bayanin yadda ake saƙa suwaita. Kowace ta bi takardar tiryan-tiryan. In sun gama, sai a ga rigar ɗaya ta zauna wa mai ita daram, ta ɗayar kuwa sai an nemo wani ƙato a gidan an ba shi. Babu wadda ta yi kuskure a cikinsu. Hannu ne ya bambanta, wata tana matse zare, wata tana sakinsa.

Saƙar da ake magana a nan ita ce ta tsinke biyu ko fiye, wadda ake jawo madauki ta cikin madauki, daban da ta kwarashi, daban kuma da ta masaƙa. Kowane madauki ido ɗaya ne, kuma faɗin riga yana rataye ne a kan yawan idanun. A ce takarda ta ƙiyasta idanu 22 a kowace santimita 10, ta ce a ɗora 198 don ƙirji mai santimita 90. Mai sakin hannu, wadda idanu 20 kacal ke cika mata santimita 10, in ta ɗora 198 ɗin nan rigar santimita 99 za ta samu. Bambancin ido biyu ya haifar da santimita tara, ga zare ya tafi, ga makonni sun tafi. Maganin abin ninkawa ce da rabawa irin ta 'yan firamare. Amma an daɗe ana ja-in-ja a Turai da Amurka a kan wanda ya kamata ya riƙe wannan ɗan lissafi: mai saƙar ce da kanta, ko kamfanin da ya sayar mata da zaren.

Saƙar ta girmi takardunta nesa ba kusa ba. Tsofaffin kayan da aka tono waɗanda masana suka yarda saƙar tsinke ce, safunan auduga ne daga Masar, masu launin fari da shuɗi, na tsakanin ƙarni na 11 zuwa na 14. A Sifen kuma, a gidan ibadar Las Huelgas da ke kusa da Burgos, an samu matasan kai na siliki a kaburburan 'yan gidan sarauta, ɗaya a kabarin Yarima Fernando de la Cerda wanda ya rasu a 1275. Saƙar tana da kusan idanu 20 a inci ɗaya, ga tsuntsaye da furanni a jere, ga kalmar "baraka" da haruffan Larabci a gefe, abin da ya sa ake kyautata zaton Musulmin Andalus ne suka yi aikin. Duk wanda ya jera irin wannan ado har ya zagayo ya haɗe ba tare da an yanke tsuntsu a tsakiya ba, ya san yadda ake raba adadin idanu da faɗin ado. Bai dai bar mana lissafinsa a rubuce ba.

Haka abin ya zauna ɗaruruwan shekaru, daga hannu zuwa hannu. Inda ya fi fitowa fili shi ne garuruwan masunta na gaɓar Ingila da Sikotlan, irin su Whitby da Filey da Polperro, inda mata ke saƙa wa mazajensu da 'ya'yansu rigar da ake kira gansey. Zarenta shuɗi ne mai duhu, murɗaɗɗe tamau, ana saƙa ta a zagaye da siraran tsinkunan ƙarfe huɗu ko biyar, babu ɗinki ko ɗaya a jikinta, saƙar kuma a matse don ta tare iskar teku. A hammata ana saka wani ɗan faci mai kusurwa huɗu domin masunci ya ɗaga hannu ya ja koma ba tare da rigar ta tattare ba. Hannun rigar daga kafaɗa ake fara shi a gangaro ƙasa, ta yadda in bakinsa ya cinye sai a warware iya nan a sake. Matan nan ba su da littafi. Yarinya tana koya a gefen uwarta, ta haddace idanu nawa ne na magidanci, nawa na saurayi, a ina ake fara facin hammata, kashi nawa na kafaɗa ake bar wa wuya. 'Yan matan da ke bin jiragen kamun kifin herring daga Sikotlan har Great Yarmouth suna fiɗar kifi, da sun samu sarari sai su ɗauki tsinke, suna tafe suna saƙa, suna satar adon juna da ido. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa kowane ƙauye yana da adonsa don a gane gawar wanda teku ta ci. Labari ne mai daɗin ji, amma masu binciken tarihin saƙa ba su gamsu da shi ba. Sai a 1955 Gladys Thompson ta fitar da littafin da ta tattara waɗannan adon, bayan ta bi tashoshin masunta tana ƙirga idanu a jikin rigunan mutane.

Rubuta umarnin saƙa ya fara ne jefi-jefi. Akwai bayanin saƙar doguwar safa a wani littafin magunguna da harkokin gida mai suna Natura Exenterata na 1655, wanda ke cikin mafi tsufa a harshen Ingilishi. Kasuwar ta buɗe sosai ne a shekarun 1840, lokacin da matan masu hali suka ɗauki saƙa a matsayin abin hira a falo. Jane Gaugain, mai shagon zare a Edinburgh, ta fitar da The Lady's Assistant a 1840, ta ƙirƙiro gajerun alamomi na haruffa don kada bayani ya yi tsawo, aka yi ta sake buga littafin. Sai dai mai karanta littattafan wancan zamani a yau zai dafe kai. Za a ce a ɗora idanu kaza da zare "mai kyau" da tsinke "matsakaici", a yi ta saƙa har tsawon ya isa. Ya isa wa? Ba a cika faɗin girman abin da za a samu ba, balle a ce idanu nawa ne a inci. Marubutan sun ɗauka mai karatu ta riga ta iya, tuni kawai ake yi mata.

Wata marubuciya ta zamanin, Miss Lambert, ta hango rabin matsalar. Ta fito da ɗan faifai mai huji-huji, kowane huji da lambarsa, a zura tsinke a san kaurinsa. Dabara ce mai kyau, amma ko a nan ba a tsira ba, don kowace ƙasa ta kama nata lambobin. A tsarin Ingila, wanda aka aro daga awon waya, in lamba ta hau tsinke siririntaka yake yi. A na Amurka kuwa kauri yake ƙarawa. Lamba 8 ta Ingila milimita 4 ce, lamba 8 ta Amurka milimita 5. Har gobe wadda ta tsinci tsohuwar takarda ba ta duba ƙasar da aka buga ta ba, tana iya saƙa wa jariri rigar ɗan shekara uku.

Da ƙarni na 20 ya kama, kamfanonin zare suka karɓe harkar. Patons da Baldwins, manyan masu sarrafa ulu biyu na Birtaniya, sun haɗe a 1920, su da takwarorinsu suka cika shaguna da 'yan takardun saƙa masu araha. Takardun sun fi na da tsari ƙwarai: ga hoto, ga nauyin zaren da ake buƙata, ga adadin idanu a inci, ga umarni layi bayan layi. Amma takardar talla ce a ɓoye. An rubuta ta ne don zaren kamfanin, har da gargaɗin cewa in an yi amfani da wani ba ruwansu da abin da ya fito. Yawancin na shekarun 1930 da 1940 girma ɗaya tak suke bayarwa, galibi na mace mai ƙirjin inci 34. Mai jiki ko 'yar siririya, ta san ta kanta. Sannan rigar a gutsuttsure ake saƙa ta, gaba daban, baya daban, hannuwa daban, a zo a ɗinke kamar aikin tela. Cikin zuriya biyu aka samu mata masu saƙa mai kyan gaske waɗanda ba su san dalilin da ya sa aka ce su ɗora 112 ba a ce 120 ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tona asirin wannan dogaro. A watan Yunin 1941 gwamnatin Birtaniya ta sa tufafi cikin kayan da ake rabawa da kati, zaren ulu ma ya shiga ciki. Mata suka koma warware tsofaffin suwaita, su naɗe zaren a bayan kujera, su wanke shi don lanƙwasar ta miƙe, su dunƙule su sake saƙawa. Zaren da ya fito daga rigar kaka ba shi da suna ba shi da lamba, babu takardar da aka rubuta dominsa. Wadda ta san awo ta ci gaba da aikinta, wadda ba ta sani ba ta yi ta saƙa da warwara.

Akwai waɗanda suka riga suka fara koyar da awon. Littafin Mary Thomas na 1938 a Ingila ya yi bayanin yadda ake gwada matsin hannu a zana riga a takarda kafin a ɗora ido ko ɗaya, a Amurka kuma Ida Riley Duncan ta fitar da nata a 1940 mai cike da ƙa'idojin awo. Littattafai ne masu nauyi, kuma sun yi amfani. Amma wadda ta sauko da lissafin ƙasa har kowa ya iya ɗauka, wata 'yar Ingila ce da aure ya kai Amurka.

An haifi Elizabeth Zimmermann a 1910. Ta yi karatun zane a Munich, inda ta haɗu da Arnold Zimmermann, Bajamushe, wanda zama ƙarƙashin 'yan Nazi ya gagare shi. Suka ƙaura Amurka a 1937, daga baya suka kafu a jihar Wisconsin, a wata tsohuwar makarantar ƙauye da suka mayar gida. A shekarun 1950 ta fara sayar wa mujallu fasalin rigunanta, a nan ne kuma ranta ya ɓaci. Ita a zagaye take saƙa, da tsinke mai igiya a tsakiya, riga ta fito ɗungurungum babu ɗinki. Editoci kuwa sai su karɓa su sake rubutawa gutsure-gutsure yadda aka saba, su cusa dogon umarnin da ba nata ba. A 1958 ta fara aika wa masu saƙa 'yar wasiƙarta kai tsaye, tana kuma sayar da ulu ta gidan waya. Wannan ne tushen kamfaninta, Schoolhouse Press. Ta yi shiri a talabijin, ta fitar da Knitting Without Tears a 1971, ta buɗe sansanin koyon saƙa na shekara-shekara a 1974. Rubutunta hira ne, da barkwanci da zolayar kai, kuma ba ta yarda a ce ita ta ƙago dabarunta ba. A ganinta wata tsohuwa a wani lungu ta riga ta gano su tun da daɗewa, ita sake tono su ta yi.

Tsarinta, wanda daga baya aka sani da EPS, yana farawa ne daga lamba ɗaya. Mai saƙa ta yi ɗan gwaji da zarenta da tsinkenta, ta ƙirga idanu nawa ne a inci, ta auna faɗin rigar da take so, ta ninka. Idanu 5 a inci, ƙirji inci 40, an samu 200. Duk sauran rigar daga cikin 200 ɗin nan ake ciro ta. Bakin hannu kashi 20 cikin ɗari, wato idanu 40. Damtse kashi 33, wato 66. Hammata kashi 8, wato 16. Wuya kashi 40, wato 80. Kamar mai tuwo ce da ta san gwargwadon gari da ruwa: ko tukunyar mutum uku ce ko ta gidan biki, ba ta neman a rubuta mata.

A kafaɗa ne ake ganin gwanintar abin. An saƙa gangar jiki har hammata, an saƙa hannuwa biyu. Sai a ajiye idanu 16 a kowane gefen jiki, a ajiye 16 a kowane hannu, a jera sauran duka a kan tsinke ɗaya. Jiki 200, hannuwa 132, a cire 64, saura 268. Daga nan zuwa wuya sau uku kacal za a yi ragi, kowane karo a saƙa ido ɗaya, a haɗe biyu, a saƙa ɗaya, a haɗe biyu, har a zagayo, wato kashi ɗaya bisa uku ya tafi. Karon farko 268 ya dawo wajen 179. Na biyu 119. Na uku 79 ko 80. Ga wuyan nan ya fito, kashi 40 ɗin da aka ambata tun farko, ba tare da an leƙa wata takarda ba. A canza zare zuwa mai kauri, lambar farko ta koma 140, ko a canza mai rigar zuwa ɗan yaro, hanyar ba ta sauya ba.

Tsarin ba wahayi ba ne, kuma jikin mutane bai san da shi ba. Damtsen kashi 33 ya yi wa mutane da yawa matsi, ragin nan mai kaifi kuma yakan sa kafaɗa ta tattare. 'Yarta Meg Swansen, wadda ta gaji kamfanin, ta faɗaɗa hannun zuwa kashi 35 har 40, ta kuma sassauta ragin farko. Ƙananan yara kansu ya fi girma in an gwada da ƙirjinsu, don haka wuyan kashi 40 ba ya shige musu, sai an ƙara. Mai faɗin ƙugu da ƙaramar kafaɗa ma sai ta yi nata gyaran. Amma wadda ta san inda kowace lamba ta fito ta san wadda za ta taɓa, saɓanin mai bin takarda da in abu ya ɓaci sai dai ta zargi kanta.

Zimmermann ta yi irin wannan wasa da mayafi mai zagaye, wanda ke cikin littafinta Knitter's Almanac na 1974. Ta lura da abin da kowane ɗan sakandare ya karanta, cewa in nisan da'ira daga tsakiya ya ninka biyu, kewayenta ma ya ninka biyu. Sai ta fara da idanu 9 a tsakiya, ta ninka su 18, bayan layi 3 su koma 36, bayan layi 6 su koma 72, bayan 12 su koma 144, bayan 24 su koma 288, bayan 48 su koma 576. Layi shida ne kawai ake ƙari a cikin mayafin gaba ɗaya, sauran duk saƙa ce miƙaƙƙiya da za a iya yi ana sauraron rediyo, kuma ya shimfiɗu lafiya lau. Ta rasu a 1999 tana da shekara 89, littattafanta kuma har yanzu ana buga su.

Bayan ita ƙofar ba ta sake rufuwa ba. Barbara Walker ta nuna a 1972 yadda ake fara riga daga wuya a gangaro, a riƙa gwadawa a jiki ana tafiya. Ann Budd ta fitar a 2002 da littafin da kusan duk jadawali ne: a nemi matsin hannu a gefe, a nemi girma a sama, inda suka haɗu nan lambar take. Takardun yau sukan jera girma goma ko fiye a layi ɗaya, har sai mai saƙa ta ɗauki biro ta zagaye nata don kada ido ya zame.

Duk da haka ƙananan lissafin nan ba su daina aiki ba, kuma guda uku ne suka fi tasowa. In ado yana maimaita kansa kowane idanu 8, awo kuma ya ba da 190, sai a matsa zuwa 192 ko a sauko 184, don 190 ba ta rabuwa da takwas. In hannun riga zai tashi daga 40 zuwa 66 a cikin layi 100, ƙarin idanu 26 ne, biyu-biyu sau 13; a raba 100 da 13, ba ta kai 8 ba ta wuce 7, sai a yi tara a kowane layi na takwas, huɗu a kowane na bakwai, jimilla 100 cif. Na ukun shi ne wanda ya fi cin kuɗin mutane. Wadda za ta ninka bargon jariri tsawo da faɗi tana zaton zare ninki biyu za ta saya, alhali ninki huɗu ne. Ma'aunin kicin yana raba gardama: in ɗan gwaji mai santimita 10 a kowane gefe ya yi giram 5, bargo mai 80 da 100 yana ɗauke da irinsa 80, wato giram 400, a ƙara ɗan rara saboda baki.

Masu saƙar hular sanyi da safa da kayan jarirai a Jos ko Kano ko Damagaram, idan hunturu ya gabato, suna cikin halin da matan Ingila suka shiga a 1941. Zaren da ke kasuwa ba shi ne wanda takardar Turai ko bidiyon waya ya ambata ba, wani ma ko lamba babu a jikinsa, kuma da wuya a samu irinsa in ya ƙare. Saboda haka kafin ki ɗora idanun riga, saƙa gwajin da ya ɗan zarce santimita 10 da zaren da ke hannunki, ki wanke shi ya bushe, ki shimfiɗa shi ba tare da ja ba, ki ƙirga idanun da ke tsakiya har da rabin ido in akwai, sannan ki ɗauko tef ki auna mai rigar.